Tambaya da Amsa: Matan da Suka Riƙe Kujerar Edita a Farkon Mujallun Labaran Zane

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowar sun taru a kan batu guda, wato rawar da mata suka taka a ofisoshin mujallun labaran zane na Amurka tun daga shekarun 1940, don haka muka haɗa su wuri ɗaya, muka taƙaita kowace tambaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce mai karatun aikin jarida. A wani darasi kan tarihin mujallu an nuna mana cewa sana'ar da ta haifar da su Superman da Batman maza ne suka kafa ta, kuma su kaɗai suka tafiyar da ita har zuwa 'yan shekarun nan. Shin gaskiya ne babu macen da ta zama edita a farkon wannan sana'a? In akwai, wane aiki ne takamaimai suka yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Maza ne suka fi yawa, wannan babu ja, amma cewa su kaɗai ne kuskure ne, kuma kuskuren ya samo asali ne daga yadda aikin edita yake a wancan zamani.

Mujallar labaran zane a siffar da aka san ta ta kankama ne a 1934 da fitowar Famous Funnies, wadda ake sayarwa senti 10 a rumfunan jaridu. A 1938 Superman ya bayyana a Action Comics, kasuwa ta buɗe, kamfanoni suka yi ta tsirowa a birnin New York, har ya zama a ƙarshen 1943 ana sayar da kofi kimanin miliyan 25 a kowane wata. Mujalla ɗaya takan kai shafi 64 kafin ƙarancin takarda na lokacin yaƙi ya rage ta, kuma dole ta fito a kan kari. Mutum ɗaya ba zai iya cika waɗannan shafuka ba, saboda haka aka rarraba aikin hannu-hannu: marubuci ya buga labari a tafireta yana bayyana abin da zai kasance a kowane akwatin zane, mai zane ya zana da fensir, wani ya rubuta maganganun taurari da hannu, wani ya bi zanen da baƙar tawada, wani kuma ya tsara launuka kafin a kai maɗaba'a. Edita shi ne yake zaune a tsakiyar wannan zirga-zirga. Shi yake sayen labari ko ya mayar wa mai shi, shi yake zaɓar wanda zai zana, shi yake duba shafin da aka kawo ya sa alama da shuɗin fensir, wanda kyamarar maɗaba'a ba ta ɗauka, inda magana ta yi tsawo ko hoto ya wuce gona da iri, kuma shi yake yanke hukuncin abin da zai hau bango, wanda a rumfar jarida shi ne yake sayar da mujallar. Duk wannan iko ne na gaske, amma iko ne da ba ya barin sa hannu a shafi.

Macen da aka fi ambata a wannan kujera ita ce Dorothy Roubicek, wadda daga baya aka fi sani da Dorothy Woolfolk bayan ta auri marubuci William Woolfolk. An haife ta a 1913, kuma daga 1942 zuwa 1944 ta yi aikin edita a kamfanin All-American Publications na Max Gaines, ɗaya daga cikin kamfanonin da suka haɗu suka zama DC Comics na yau. A nan ne ake buga Wonder Woman, kuma a kanta ne aka ga irin nauyin da Roubicek ta ɗauka. Wanda ya ƙirƙiro tauraruwar, masanin halayyar ɗan Adam William Moulton Marston, yana yawan cika labaransa da hotunan mata ɗaure da sarƙa, abin da ya sa Josette Frank, ƙwararriya kan karatun yara da ke cikin kwamitin masu ba kamfanin shawara, ta rubuta ƙorafi a 1943. Gaines ya tura Roubicek ta je asibitin Bellevue ta ji ra'ayin likitar ƙwaƙwalwar yara Lauretta Bender, sannan ita kanta ta rubuta shawarwarinta kan suturar tauraruwar da wuraren da ya kamata labarin ya guje wa. Marston ya yi watsi da su, yana ganin ba ta kai ta gyara masa aiki ba. Duk da haka, a cikin shekarar Gaines ya aika masa da wani jerin da Roubicek ta tsara na hanyoyin da za a iya tsare tauraruwa a labari ba tare da sarƙa ba. Wannan takarda ƙarama ce, amma a ganina ta nuna ainihin aikin edita fiye da kowane dogon bayani: mai kamfani yana tsoron iyaye, marubuci ba ya son a taɓa masa labari, mujalla kuma dole ta fito, sai a nemo wadda za ta samar da mafitar da kowa zai iya rayuwa da ita.

Ta biyu ita ce Ruth Roche, wadda ta shiga ɗakin aikin Jerry Iger a 1940 a matsayin marubuciya. Irin wannan ɗakin aiki ba ya buga mujalla da kansa. Yana haɗa cikakkun shafuka ne ya sayar wa kamfanoni irin su Fiction House da Fox. Roche ta tashi daga marubuciya ta zama edita, daga nan ta zama abokiyar kasuwancin Iger, ta kuma zauna a wurin har aka rufe shi a 1961. Ta rubuta labaran Phantom Lady waɗanda Matt Baker, ɗaya daga cikin baƙaƙen fata na farko da suka yi suna a sana'ar, ya zana, kuma su biyun sun yi wani labarin zane na jarida mai suna Flamingo.

Akwai kuma Rae Herman, wadda ta fara a matsayin mataimakiya a ofis, ta zama edita, sannan a tsakiyar shekarun 1940 ta shiga cikin masu kamfanin Orbit, inda aka buga Wanted Comics da Love Diary. Tana cikin shugabannin ƙungiyar mawallafan mujallun zane da aka kafa a ƙarshen shekarun 1940 don sana'ar ta tsabtace kanta kafin hukuma ta sa baki. A kamfanin Gilberton kuma, mai mayar da manyan littattafan adabi zuwa labaran zane a jerin Classics Illustrated, Roberta Strauss Feuerlicht ta shiga a 1953 ta kai ga zama babbar edita, kuma masu zane sun san ta da tsanani wajen tabbatar da cewa sutura da makamai da gine-ginen da aka zana sun dace da zamanin labarin.

Wadda ta fi su duka iko ba ta riƙe shuɗin fensir ba. Helen Meyer ta shiga kamfanin Dell a 1923 a matsayin ƙaramar ma'aikaciyar ofis, ta hau har ta zama mataimakiyar shugaba, daga baya kuma shugaba. Dell shi ne kan gaba wajen ciniki a farkon shekarun 1950, da mujallun su Donald Duck da Bugs Bunny da Little Lulu. Lokacin da wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya zauna a 1954 yana binciken ko mujallun zane suna lalata tarbiyyar yara, Meyer ce ta tsaya a gabansa a madadin Dell, ta bayyana cewa kamfaninta ba ya buga labaran aikata laifuka da na ban tsoro, kuma ba zai yarda a yi masa kuɗin goro da masu buga su ba. Bayan haka Dell ya ƙi shiga hukumar tace mujallu da sauran kamfanoni suka kafa, ya ci gaba da ciniki da sunansa kawai.

TAMBAYA: Malam, na karanta cewa mace ce ta ƙirƙiro dutsen nan kryptonite mai raunana Superman. Na gaya wa abokaina sun ƙaryata ni. Wane ne da gaskiya a cikinmu?

AMSA: Ɗan'uwa, kowannenku yana riƙe da wani ɓangare na maganar. Macen da kake nufi ita ce Dorothy Woolfolk da muka ambata a sama. A wata hira da ta yi da jaridar Florida Today a 1993 ta ce ita ce ta nuna cewa gwarzon da babu abin da zai iya cutar da shi gwarzo ne mai gundura, don haka yana bukatar wani rauni. Daga wannan hira ce labarin ya bazu.

Ga abin da takardu suka tabbatar a ɗaya ɓangaren. Tun a 1940 Jerry Siegel, marubucin da ya ƙirƙiro Superman tare da mai zane Joe Shuster, ya rubuta wani labari game da wani ƙarfe daga duniyar Krypton mai zare wa gwarzon ƙarfinsa, amma kamfani bai buga shi ba. Sunan kryptonite ya fara fitowa ne a wasan kwaikwayon Superman na rediyo a 1943, bai kuma shiga mujalla ba sai a 1949. Ban da haka, All-American inda Woolfolk ta yi aiki ba shi ne yake buga Superman ba. Ɗan'uwansa ne, Detective Comics, wanda ofishinsa yake wani titi dabam, ko da yake kamfanonin biyu suna da alaƙa ta kusa kuma ma'aikatansu sun san juna.

Saboda haka abin da ya dace ka faɗa wa abokanka shi ne Woolfolk ta ce tana da hannu a tunanin, kuma irin shawarar da edita yake bayarwa da baki ke nan, wadda ba ta shiga fayil, amma ba daidai ba ne a ce ita kaɗai ta ƙirƙiro dutsen. Ina jin takaicin yadda wannan magana guda ta rufe sauran aikinta, alhali akwai abin da ya fi ta ƙarfin hujja. A mujallar Wonder Woman akwai wani fili da aka fara a 1942 mai kawo tarihin fitattun mata, wanda ya buɗe da Florence Nightingale. Sunan da aka sa a kansa na Alice Marble ne, zakarar wasan tanis da ta ci gasar Wimbledon a 1939, wadda kamfani ya ba muƙamin mataimakiyar edita don sunanta ya jawo hankalin iyaye da malamai. Masu binciken da suka bi takardun kamfanin sun nuna cewa yawancin aikin filin Roubicek ce take yi. Idan ana neman abin da za a yaba mata da shi ba tare da jayayya ba, to ga shi nan: yara miliyoyi sun fara jin sunayen mata irin su Sojourner Truth da Susan B. Anthony a waɗannan shafuka.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni malamar makaranta ce. Abin da na fahimta shi ne waɗannan mata sun samu dama ne kawai saboda maza sun tafi Yaƙin Duniya na Biyu, da suka dawo kuma aka sallame su. Haka ne? Kuma me ya sa aka manta da su?

AMSA: Malama, yaƙin ya buɗe ƙofa, musamman ga masu zane. Bayan Amurka ta shiga yaƙi a Disambar 1941 an ɗebi samarin sana'ar da yawa zuwa soja, kuma kamfani irin Fiction House ya ɗauki mata kamar Lily Renée da Fran Hopper da Ruth Atkinson. Gaskiya ne kuma da yawa daga cikin matan sun bar aikin bayan 1945. Amma wannan bayani bai ɗauke kowa ba. Roche ta fara kafin Amurka ta shiga yaƙi, ta kuma yi shekara 16 tana aiki bayan an gama shi. Herman ta zama mai kamfani ne a daidai lokacin da sojoji suke komowa. Meyer kuwa ta riga Superman kansa shiga harkar ɗab'i da shekara 15.

Abin da ya faru bayan yaƙi ya fi sallama sarƙaƙiya. Kasuwar gwaraza masu tashi sama ta faɗi, sai wasu nau'o'in labari suka maye gurbinta. A 1947 Joe Simon da Jack Kirby suka fito da Young Romance, ta yi ciniki na ban mamaki, kafin 1950 kuma mujallun soyayya sun haura 100 a kasuwa. Zuwa wannan sashe ne aka tura yawancin editoci mata. A DC, Zena Brody ce ta riƙe mujallun soyayya a shekarun 1950, bayanta kuma Phyllis Reed ta riƙe su har zuwa 1963. A ƙarƙashin Reed ne John Romita ya yi shekaru yana zana fuskokin 'yan mata da yanayin tsayuwarsu da suturarsu, kuma wannan ƙwarewa ce ya tafi da ita kamfanin Marvel, inda ya karɓi zanen Spider-Man a 1966 ya sake wa mujallar kama. Haka nan shahararren zanen Roy Lichtenstein na 1963, na wata budurwa da ruwa yake ci, wanda yake cikin tarin gidan adana zane-zanen zamani na New York, an kwaikwayo shi ne daga wani shafi na Secret Hearts na 1962 da Tony Abruzzo ya zana, ɗaya daga cikin mujallun sashen da Reed take kula da shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A nan ne dalilin mantuwar yake. Waɗanda suka fara rubuta tarihin sana'ar a shekarun 1960 masoya ne da suka taso da labaran gwaraza, kusan dukkansu maza, kuma abin da suke so shi suka tara, shi suka yi hira a kansa. Mujallun soyayya da na 'yan mata da na ƙananan yara, inda matan suka fi yawa kuma inda cinikin ya fi kauri a wasu shekaru, ba su ga abin adanawa a cikinsu ba. Ga shi kuma al'adar kamfanoni ta ƙin sa sunan ma'aikaci a shafi. Joye Hummel ta rubuta labaran Wonder Woman da dama daga 1944 zuwa 1947, amma duk sun fito da sunan alƙalamin Marston. Wasu matan kuma sun ɓoye kansu da gangan don kasuwa: June Tarpé Mills ta yar da sunanta na farko, Dalia Messick ta koma Dale, Rae Herman takan fito a matsayin Ray, Roche ma ta yi amfani da sunayen maza. Idan aka haɗa da canjin suna bayan aure, sai mace ɗaya ta zama kamar mutum uku a takardu.

Akwai kuma wulaƙanci na fili. Woolfolk ta koma DC a 1971 ta riƙe mujallun soyayya da ta Lois Lane, ta kuma shigar da batutuwan aikin mata da 'yancinsu a labaran, amma ba ta daɗe ba aka raba ta da kujerar. A farkon 1973, a fitowa ta 204 ta Wonder Woman, wadda Robert Kanigher ya rubuta kuma ya yi wa edita, wani ɗan bindiga ya harbe wata editar mujallar mata mai suna Dottie Cottonman a shafukan farko, sunan da duk wanda yake cikin sana'ar ya san yana kama da na Dorothy Woolfolk. Ban ga yadda za a kira wannan wasa ba.

Sai dai ina so in ja hankalinki, tunda ɗalibai za ki koya wa, kada a mayar da waɗannan mata waliyyai. 'Yan kasuwa ne a sana'ar da take neman senti 10 na yaro. Bangon Phantom Lady da ya fito daga ɗakin aikin da Roche take edita yana cikin hotunan da likita Fredric Wertham ya buga a littafinsa na 1954 a matsayin shaidar batsa. Labaran daji irin na Sheena, waɗanda ɗakin aikin ya daɗe yana samarwa kuma Roche ta sa hannu a cikinsu, suna nuna farar mace tana mulkin 'yan Afirka da aka zana a matsayin jahilai ko matsorata, kuma kasancewar mace a kujerar edita bai gyara wannan ba. A ɓangaren tacewa ma mata ne suka yi aikin: lokacin da aka kafa hukumar tace mujallu a 1954 a ƙarƙashin alƙali Charles Murphy, mata biyar ne suke duba shafukan, daga 1956 kuma Misis Guy Percy Trulock ce ta shugabanci hukumar har kusan shekara 10. Mata suna ɓangaren masu bugawa, suna kuma ɓangaren masu hanawa, kuma tarihin da ya nuna su a wuraren biyu ya fi mutunta su a kan wanda ya zaɓi abin yabo kawai.

Sunayen da muke da su yau an tono su ne da wahala, daga ƙananan rubutun da ke ƙasan shafin farko, da kuma sanarwar mallaka da dokar gidan waya ta tilasta wa mujallu bugawa sau ɗaya a shekara, wadda take ɗauke da sunan edita. Trina Robbins, mai zane kuma masaniyar tarihi da ta rasu a 2024, ta shafe shekaru tun daga 1985 tana bin wannan sawu, tana neman tsofaffin matan tun suna raye. A 2018, a babban taron masoya mujallun zane na San Diego, an ba Joye Hummel lambar yabo ta Bill Finger, wadda ake ba marubutan labaran zane, tana da shekara 94, aka kuma ba Woolfolk irinta shekara 18 bayan rasuwarta.

TAMBAYA: A taƙaice, yaushe ne mace ta fara shugabantar ɗaya daga cikin manyan kamfanonin gwaraza?

AMSA: A 1976, lokacin da aka naɗa Jenette Kahn mawallafiyar DC tana da shekara 28, bayan ta yi suna wajen kafa mujallun yara. Ta zama shugabar kamfanin a 1981, ta kuma zauna har 2002. A zamaninta ne aka fara ba marubuta da masu zane wani kaso daga cinikin mujallunsu, kuma a ƙarƙashinta ne Karen Berger ta kafa sashen Vertigo na manyan masu karatu a 1993. A Marvel kuma Louise Jones, wadda aka fi sani da Louise Simonson, ta karɓi aikin editan X-Men a 1980, bayan shekarun da ta yi a kamfanin Warren. Idan kuwa tambayar ta shafi kowane irin kamfanin mujallun zane ne, ba na gwaraza kaɗai ba, to Helen Meyer ta Dell ta riga Kahn da shekaru masu yawa.